Hako, Iremono, Yooki: Fashin Baƙi Kan Sunan Mazubi a Japananci

Mai koyon Japananci yakan yi tuntuɓe tun a watannin farko, kuma ba a kan manyan kalmomi ba, a kan ƙananan kayan gida ne. Zai buɗe ƙamus yana neman sunan abin da ake zuba kaya a ciki, sai a jero masa amsa har biyar: iremono, yooki, utsuwa, hako, keesu. Ƙamus ba zai gaya masa wacce uwar gida ke faɗa a kicin ba, ko wacce ake bugawa a jikin robar magani, ko wacce in ya faɗa za a gane shi amma a ji maganar ta zo bambaraƙwai. Abin da nake gani shi ne, kalma irin wannan ba a haddace ta ita kaɗai a kan kati. Ana koyon ta ne tare da wurin da ake jin ta, da abin da ake zubawa a cikinta, da yadda take sauya kama in ta haɗu da wata. Wanda ya bi kalmar hako kaɗai har gindinta, ya kama wani babban yanki na tsarin harshen gaba ɗaya.

Dalilin yawan amsoshin nan shi ne kalmomin Japananci hawa uku ne. Akwai na gado, waɗanda suke kira wago. Akwai waɗanda aka gina da haruffa da lafazin da aka aro daga Sin tun fiye da shekara dubu da suka wuce, su ne kango. Sai kuma na baya-bayan nan da suka shigo daga harsunan Turai, gairaigo. Sau da yawa abu guda yana da suna a kowane hawa, kuma kowane suna da muhallinsa: na gado a bakin mutane cikin gida, na Sin a takarda da ofis da labarai, na Turai a kanti da talla.

Iremono ta gado ce, kuma ita ya kamata baƙo ya fara riƙewa, domin ita ce mai fid da shi kunya. An gina ta da aikatau ireru, wato sanyawa ko zubawa a ciki, da mono, wato abu. Ginin nata daidai yake da na kalmarmu mazubi, wadda ta fito daga zuba. Ba ta damu da siffa ba: roba ce, gwangwani ne, kwando ne, duk iremono ne muddin ana sa abu a ciki. In an gama cin abinci ya yi saura, mutum zai ce "nanika iremono aru?", ma'ana ko akwai wani abin da za a zuba. Duk lokacin da sunan wani mazubi ya kuɓuce maka, wannan kalmar za ta wadatar.

Yooki ma'anarta ɗaya da iremono a ƙamus, amma da wuya ka ji yaro ya faɗe ta wa uwarsa. Kalmar takarda ce. Ita ce a jikin abincin da ake saya a kanti, inda ake gargaɗin a juye shi a mazubi mai jure zafi kafin a ɗumama. Ita ce kuma a sunan dokar sake sarrafa mazubai da kayan naɗi da Japan ta kafa a 1995, wadda ta fara aiki a 1997. Wannan doka ce ta sa baƙon da ya zauna a Japan ba shi da mafita sai ya san kalmar, saboda shara a can ba a zubar da ita a haɗe. Hukumar gari tana raba jadawali: ga ranar sharar da ake ƙonawa, ga ranar kwalba da gwangwani, ga ranar robobi. Ɗauki robar lemo guda ɗaya ka duba. Jikinta yana ɗauke da alamar PET, murfinta da ledar da aka naɗe ta da ita suna ɗauke da wata alama daban mai haruffa biyu da ake karantawa pura. Sai ka cire murfin, ka ɓare ledar, ka ɗauraye robar, kowanne ya tafi inda aka ware masa. Dokokin sun bambanta daga gari zuwa gari, amma kalmar yooki tana nan a kusan kowane jadawali.

Akwai abin lura a lafazinta. Wasalin farko dogo ne, shi ya sa na rubuta shi da o biyu. In ka gajarta shi ka ce yoki, ka koma wata kalma mai nufin tsammani. Masu koyo da yawa suna shan wuya a nan, amma Bahaushe ya taso da wannan bambanci a bakinsa, ko da yake rubutun boko ba ya nuna shi: tsawon wasali da karin sauti ne ke raba fari na launi da fari na rashin ruwan sama, da gari na mazauni da gari na tuwo. Kunnen da ya saba da wannan ba zai sha wuya da yooki ba, sai dai a tuna masa ya yi amfani da abin da yake da shi.

Utsuwa kuwa da harafi ɗaya ake rubuta ta, 器, kuma wannan harafin shi ne rabin ƙarshe na yooki, inda ake karanta shi ki. Harafi guda, karatu biyu: na gado in yana tsaye shi kaɗai, na Sin in ya haɗu da ɗan'uwansa. Utsuwa ta fi karkata ga kwanukan cin abinci, musamman waɗanda aka yi da hannu, irin tangaran na Arita ko tukwanen ƙasa na Bizen. Mai dafa abinci a Japan yana zaɓen utsuwa da kulawar da yake zaɓen kifi, yana duba yanayin shekara da launin abin da zai ɗora. Daga nan kalmar ta haura kan mutane. In an ce wane utsuwa ga ookii, wato mazubinsa babba ne, ana nufin mai faɗin zuciya ne, mai ɗaukar nauyin jama'a da haƙuri da su. In an ce mazubinsa ƙarami ne, an gama da shi. Har a kan shugabanci sukan ce wane ba utsuwa na wannan kujera ba ne.

Yanzu ga hako, wadda nake ganin ta fi sauran cancantar a zauna a kanta. Ma'anarta akwati ko kwali ko batta, duk wani mazubi mai kusurwa, galibi mai murfi, daga na ashana har na kayan ƙaura. Harafinta 箱, jan alƙalami 15 ne, kuma a aji uku na firamare ake koya wa yaran Japan shi, cikin haruffa 1,026 da ake so su sani kafin su gama aji shida. In ka dube shi da kyau hawa biyu ne. Na sama alamar gora ce, irin dogon karan nan da ake saƙa kwanduna da shi a gabashin Asiya, na ƙasa kuma wani harafi ne da aka ɗora don nuna lafazin Sinanci. A jerin haruffan yau da kullum na gwamnati, wanda aka sabunta a 2010 ya zama 2,136, karatu ɗaya tak aka ba shi: hako. Sai mai koyo ya yi murna, ya ce yau ga mai sauƙi.

Murnar ba ta daɗewa, domin da zarar ya fita waje sai ya tarar kusan ko'ina bako ake cewa. Kwandon shara gomibako ne, har wanda ke fuskar kwamfuta. Abin zuba fensir na ɗan makaranta fudebako, duk da cewa fude asalinsa burushin rubutu ne. Asusu chokinbako. Akwatin agajin gaggawa kyuukyuubako. Mazubin abincin rana bentoobako. Akwatin sadaka a wuraren ibadarsu saisenbako. A ƙofar yawancin makarantu akwai wasu kantoci masu ramuka-ramuka, kowane ɗalibi da nasa. In ya iso sai ya cire takalmin waje ya tura a ramin, ya zaro farin takalmin ciki mai suna uwabaki ya saka kafin ya taka dandamalin aji. Sunan kantocin getabako, daga geta, takalmin katako na da, ko da yake yau takalman zamani ne a ciki.

Wannan sauyi suna kiransa rendaku. Ƙa'idarsa ita ce in kalma biyu suka haɗu suka zama suna guda, baƙin farko na ta biyun yakan koma mai ziza: k ya zama g, s ya zama z, t ya zama d, h kuma ya zama b. Amfaninsa shi ne yana nuna wa mai sauraro cewa kalma ɗaya yake ji, ba biyu a jere ba. Sunayen mazubai cike suke da shi. Fukuro, jaka ko leda, ta zama kamibukuro in ta takarda ce, tebukuro kuma, jakar hannu, ita ce safar hannu. Sara, faranti, ya zama haizara, farantin tokar sigari. Hachi, kasko, ya zama uekibachi, tukunyar shuka fure. Taru, ganga, ta zama sakadaru.

Ukun farko ba su da wuyar ganewa, domin k da g wuri ɗaya suke fita a baki, haka s da z, haka t da d. Amma me ya haɗa h da b? Ɗaya daga maƙogwaro, ɗaya daga leɓe. Amsar tana cikin tarihi. Sautin da Japanawa ke furtawa h a yau, a tsohon Japananci p ne. Daga baya ya yi laushi ya koma wani f da ake hurawa tsakanin leɓɓa biyu, daga bisani ya koma h. Muna da shaida a rubuce: ƙamus ɗin Japananci da Fotugisanci da limaman Kirista suka buga a Nagasaki a 1603 ya rubuta waɗannan kalmomi da f, har sunan ƙasar ya fito Nifon. A wasu tsibiran kudu, irin su Miyako, p ɗin na nan har yau, suna cewa pana inda mutumin Tokyo ke cewa hana. Ke nan hako a da pako ce, kuma p ya koma b ba abin mamaki ba ne. Kalmar ce ta canza a farkonta, haɗaɗɗun sunaye suka riƙe tsohuwar alaƙa. Rubutunsu ma yana nuna haka: harafi ɗaya ne は, ha, a ɗiga masa ɗigo biyu ya zama ば, ba, a sa masa ɗan da'ira ya zama ぱ, pa.

Mai jin Hausa bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba, don irin wannan zamiya tana cikin harshenmu. Wani ya ce fuɗu wani ya ce huɗu, wani fushi wani hushi, Bakano ya ce tafi, Basakkwace da mutumin Tawa su ce tahi. F ɗin Hausa ma da leɓɓa biyu ake yin sa, ba da haƙori ba, kuma kusan shi ne sautin da ke farkon fukuro da futa, murfi.

Sai dai rendaku ba ya faɗa wa kowace kalma, kuma nan ne haddar jeri ke kasa. Kago kwando ne. Kejin tsuntsu torikago, kwandon cefane kaimonokago, babu mai cewa gago. Tsubo tulu ne. Tulun da masunta ke jefawa a teku don kama tako, dabbar nan mai hannaye takwas, sunansa takotsubo, bai sauya ba. Dalili shi ne in kalma ta biyu ta riga tana da baƙi mai ziza irin g, z, d ko b a cikinta, ba a ƙara mata wani. Kago tana da g, tsubo tana da b, sai aka bar su. Hako ba ta da ko ɗaya, shi ya sa take sauyawa. Ana kiran wannan dokar Lyman, da sunan Benjamin Smith Lyman, wani Ba'amurke masanin ma'adinai da gwamnatin Japan ta ɗauka aiki a shekarun 1870 don binciken kwal a Hokkaido, wanda ya wallafa bayaninta a 1894. Malaman Japan na ƙarni na 18, irin su Motoori Norinaga, sun riga shi lura da abin, amma sunansa ne ya bi ta. Tana da 'yan togaciya, kamar nawabashigo, tsanin igiya, daga hashigo, amma ba su da yawa.

Hawa ukun da na ambata a farko su ma suna da hannu a ciki. Rendaku ya fi kama kalmomin gado. Na aro daga Turai kusan ba ya taɓa su: kofin takarda kamikoppu ne, ba goppu ba. Na Sin kuma wani lokaci e, wani lokaci a'a. Chawan, kwanon shinkafa, wanda ma'anarsa ta asali kwanon shayi ce, yakan koma jawan a yunomijawan. Saboda haka in ka san daga wane hawa kalma ta fito, ka kusa sanin yadda za ta yi in ta shiga haɗi. Ban ce kullum za ka dace ba. Japanawa kansu sukan saɓa a kan wasu, musamman sunayen mutane da garuruwa.

Tsohon p ɗin yana sake leƙowa a wurin ƙirga. Japananci ba ya cewa kwali biyu haka kawai, sai an liƙa wa lamba kalmar awo, kuma hako tana cikin kalmomin awon. Kwali ɗaya na kaya hitohako, biyu futahako, da lambobin gado. Daga uku galibi sai a koma lambobin Sin: sanpako, yonhako, gohako, roppako, har juppako, goma. Tambayar kwali nawa kuma nanpako. A ukun akwai masu cewa mihako ko sanhako, duk ana ji. Abin da ya kamata a kama shi ne salon, domin shi ne dai a wurin ƙirga kwalabe, ippon, nihon, sanbon, da cikin kofi ko kwano, ippai, nihai, sanbai. H, p da b suna musanya ne bisa sautin da ya gabace su. Wanda ya ji haka sau ɗaya da fahimta ya huta da haddace teburi uku.

Akwai wani akwati da ya ba da sunansa ga nahawu. Juubako akwatuna ne masu kusurwa huɗu da ake ɗora wa juna hawa-hawa, galibi an shafe su da urushi, wani ƙaron itace mai sheƙi, baƙi a waje ja a ciki. A ciki ake jera osechi, abincin sabuwar shekara, kowane hawa da irin nasa, ɗora su kan juna kuma fata ne na alheri ya hau kan alheri. Harafi biyu ne ke rubuta sunan: na farko ana karanta shi juu, karatun Sin, na biyu bako, karatun gado. A ƙa'ida, harafi biyu in sun haɗu sukan bi karatu iri ɗaya, ko duka na Sin ko duka na gado. Wannan ya karya ƙa'idar, sai malamai suka riƙa kiran duk kalma mai irin wannan gauraye juubako-yomi, karatun juubako. In kuma aka juya, na gado a gaba na Sin a baya, sunansa yutoo-yomi, daga yutoo, wata butar katako da ake kawo ruwan zafi a ciki, irin wadda ake ajiye wa mai cin taliyar soba. Duka sunayen biyu na mazubai ne, kuma sanannu ne a Japan.

Karin magana ma ba ta bar hako ba. Mai bin diddigin ƙananan abubuwa marasa amfani, sukan ce yana tsokacin kusurwar juubako. Hakoiri musume, 'yar cikin akwati, ita ce yarinyar da aka rena a killace ba ta san wahalar waje ba. Oharaibako sallama ce daga aiki. Hakomono kuma kalmar suka ce da 'yan jarida ke yi wa manyan gine-ginen gwamnati da aka kashe kuɗi a kansu amma ba a cika amfani da su ba. Har a taswira tana nan: Hakone, wurin shaƙatawa mai maɓuɓɓugan ruwan zafi kusa da dutsen Fuji, da wannan harafi ake rubuta shi. Hakodate ta Hokkaido ma da shi ake rubuta ta a da, kafin a sauya mata wani harafin mai ma'ana ɗaya a 1869.

Kalmomin aro ba sa buƙatar dogon bayani, sai dai a yi hattara da tagwayensu. Koppu kofi ne marar mariƙi na shan ruwa, tsohuwar kalma ce da aka fi dangantawa da 'yan kasuwar Holan, waɗanda su kaɗai cikin Turawa aka bari suna ciniki a tsibirin Dejima tun daga 1641. Kappu ta shigo daga baya daga Ingilishi, ita ce mai mariƙi ta shan gahawa. Garasu gilashi ne na taga, gurasu kuma kofin gilashi. Bin kwalbar gilashi ce, ta roba kuwa pettobotoru. Keesu takan zama mazubin da aka yi wa abu guda takamaimai, kamar na tabarau ko na waya. A wurin shara, kuskure tsakanin bin da pettobotoru yana iya sa a bar maka jakarka a bakin titi da takardar gargaɗi manne a jiki.

To yaya za a koya? Shawarata ita ce kada a rubuta hako a kati a juya baya a rubuta akwati a wuce. A koye ta da aikatau ɗinta: hako ni ireru, sa a akwati; hako kara dasu, fitar daga akwati; hako o akeru, buɗe akwati; futa o shimeru, rufe murfi. A lura da bambancin ireru da hairu, domin harafi ɗaya ke rubuta su amma na farko kai ne ka sa, na biyu abin ne ya shiga. Hako ni haitte iru na nufin yana cikin akwati. Hairanai kuma shi ne abin da za ka ce in kaya sun ƙi shiga. A koye ta da karin sautinta, wanda a lafazin Tokyo yake farawa ƙasa ya hau ya zauna a sama har kan ɗan harafin da ke biye, ba kamar hashi na sandunan cin abinci ba da ke farawa sama ya faɗo. Sa'an nan a tara mata 'yan'uwa biyar ko shida masu bako daga abin da mutum ke taɓawa kullum.

Wurin gwaji na farko ga mai ziyara galibi kombini ne, wato ƙaramin kantin unguwa mai sayar da abinci da kayan masarufi. Tun 1 ga Yuli 2020 doka ta wajabta wa kantuna karɓar kuɗin ledar roba, yawanci yen uku zuwa biyar, don haka mai karɓar kuɗi zai tambaye ka da sauri ko kana son leda. Ba lallai ka kama jimlar duka ba. Ka saurari fukuro ko rejibukuro, ledar kanti, a cikinta. In kana so ka ce onegai shimasu, in ba ka so ka ce daijoobu desu. In ka sayi bentoo, wato dafaffen abinci a mazubi, tambaya ta biyu za ta biyo, atatamemasu ka, ko a ɗumama maka.